Kyauta Ko Lada? Nazarin Darasin Kirsimeti A Makarantar Lahadi

Da zarar Nuwamba ta raba tsakiya, hunturu ya fara kaɗawa, duk wanda gidansa ke maƙwabtaka da majami'ar ECWA ko COCIN ko HEKAN ya san abin da zai riƙa ji da la'asar. Yara ne ke maimaita aya, malama tana gyara musu, can gefe kuma ana ta gardamar wa zai fito a Yusufu, wa za ta fito a Maryamu. Shirin Kirsimeti ke nan na makarantar Lahadi, kuma ko'ina ka je ginshiƙin darasin ɗaya ne: haihuwar Yesu Almasihu kyauta ce da Allah ya yi wa duniya. Ayoyin da aka fi ba yara su haddace su ne Yohanna 3:16 da Ishaya 9:6, dukkansu kuwa a kan bayarwa suke magana. Abin da wannan nazari ke son ganowa shi ne, in malama ta ce "kyauta", me yaron da ya tashi da Hausa a bakinsa yake fahimta?

Ita makarantar Lahadi baƙuwa ce da ta zama 'yar gida. A Ingila ta yi ƙarfi, inda wani mai jarida, Robert Raikes, ya fara tara 'ya'yan talakawa a garin Gulosta a 1780 yana koya musu karatu ranar Lahadi, don sauran ranaku suna wurin aikin ƙarfi. 'Yan mishan ne suka shigo da ita Arewacin Nijeriya. Ayarin farko na mishan ɗin SIM ya iso a 1893, na SUM ya sauka Wase a 1904, Dokta Walter Miller na CMS ya zauna a Zariya daga 1905 kafin a koma Wusasa a 1929, mishan ɗin da ya haifi ikilisiyar EYN kuma ya kafu a Garkida a 1923. Da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, sai Hausa ta ƙara zama harshen sujada ga Angasawa da Birom da Bajju da Tangale da wasu da dama, ban da su Hausawan Kirista na ƙasashen Zazzau da Kano da Katsina da Maraɗi. Saboda haka kalmar da aka zaɓa a Hausa ita ke gina tunanin yara masu ɗimbin yawa, har da waɗanda a gida wani harshe suke yi.

Da abu uku ake koyar da darasin: hadda da waƙa da wasan kwaikwayo. Haddar tana dasa kalmomin, waƙar tana hana su gudu, amma wasan ne ke shiga jikin yaro. Shi ma tsohon abu ne, domin tun 1223 Faransis na Asisi ya shirya komi da ciyawa da sa da jaki a wani ƙauyen Italiya don mutane su ga labarin da idonsu. Sai dai a nan wasan ya sami ƙasar da ta dace da shi. Yaron Landan sai an yi masa bayanin komin dabbobi. Yaron Malumfashi ko Kagoro da hannunsa yake zuba dusa a ciki. Ya san makiyayi mai kwana a daji da garkensa, ya san baƙon da ya shigo gari ya rasa masauki, ya ji manya suna maganar ƙidaya. Uwa uba, ya san barka. In aka ce masa makiyaya sun tafi Baitalami ganin jariri, abin da yake gani a zuciyarsa shi ne maƙwabta sun shigo barkar haihuwa. Ga kuma sunayen da ke cikin ajin: Kyauta, Alheri, Godiya, Murna. Yarinyar da aka raɗa wa Kyauta bayan iyayenta sun daɗe suna jiran haihuwa ta riga ta san cewa ɗa ba a kasuwa ake sayensa ba. Wannan shi ne ƙarfin darasin, kuma malamai da yawa suna amfani da shi yadda ya kamata.

Akwai 'yan kurakurai da suka zama jiki a wasan. Cikin Bishara huɗu, Matiyu da Luka ne kaɗai suka kawo labarin haihuwar, kuma kowa da abin da ya kawo. Makiyaya da komi na Luka ne. Masana taurari da Sarki Hirudus na Matiyu ne. Wasan yakan cusa su duka cikin dare ɗaya a garke ɗaya, alhali Matiyu ya nuna a cikin gida masanan suka tarar da yaron. Bai ce su uku ne ba, bai kuma kira su sarakuna ba. Kayan da suka kawo ne iri uku, zinariya da lubban da mur. Ita kanta ranar 25 ga Disamba ba ta cikin Bishara, shaidar farko da ake da ita ta bikinta daga Roma take, a shekara ta 336. Waɗannan ba su rushe komai ba, malami mai kula yana iya gyara su cikin minti biyar. Babbar matsalar tana cikin ita kalmar "kyauta".

A rayuwar Bahaushe da wuya kyauta ta tafi ita kaɗai. In an aiko yaro da kwano, ana ba shi tukwici, har ma aka ce yaba kyauta tukwici. In mace ta haihu ko tana aurar da 'ya, ƙawaye su kawo biki, ita kuma ta riƙe lissafin abin da kowacce ta kawo, don ranar da tasu ta taso za ta mayar, sau da yawa har da ƙari. Talaka in ya kai wa babba gaisuwa, akwai abin da yake hange. Ba aibu ba ne, da haka ake ƙulla zumunci. Amma yaron da ya tashi yana ganin mahaifiyarsa tana lissafin biki ya riga ya koyi cewa kyauta 'yar'uwar bashi ce: an ba ka don ka taɓa bayarwa, ko don za ka bayar.

Koyarwar Kirista kuwa akasin wannan take nufi. Manzo Bulus, a Romawa 6:23, ya ajiye hakkin da mutum ya yi wa aiki a gefe ɗaya, ya ajiye baiwar Allah a ɗaya gefen, don kada a gauraya su. A Afisawa 2:8-9 ya ƙara nanata cewa ceto ba sakamakon aikin mutum ba ne, balle wani ya yi taƙama. Wannan ne ake kira alheri a bakin ikilisiya: abin da aka ba wanda bai cancanta ba, wanda kuma ba shi da abin ramawa. Labarin ma haka ya nuna. Waɗanda aka fara yi wa albishir makiyaya ne, kuma Luka bai ambaci sun riƙo ko ƙwaryar nono ba. Hannu rabbana suka je barka, aka kuma karɓe su.

To, a duba abin da yaro ke gani ranar bikin. Da safe an gaya masa kyautar Allah ba ta da sharaɗi. Da rana a kira waɗanda suka fi iya hadda a ba su littafi da biro da biskit, a ce "kyauta" aka ba su, wanda harshensa ya sarƙe a tsakiyar aya ya koma wurin zamansa hannu wofi. A gida tun Oktoba ake ja masa kunne: "In ba ka ci jarrabawa ba, babu kayan Kirsimeti." A birane kuma ga Baba Kirsimeti da jar riga da farin gemu, wanda a wurare da yawa sai iyaye sun yanki tikiti kafin ya miƙa wa yaro leda. Abin mamaki, Nikolas, bishop ɗin Mira na ƙarni na 4 wanda daga gare shi wannan al'ada ta samo tushe, an san shi ne da taimakon matalauta a ɓoye. Sannan ga maraya a bencin baya da rigar bara, yana kallon sa'o'insa cikin sabon ɗinki. Baki ya ce kyauta, hannu ya nuna lada. Yaro kuwa abin da ya gani ya fi zauna masa a kan abin da ya ji.

Wani abin da wasan ke yawan tsallakewa shi ne talauci da tsoron da ke cikin labarin. Luka ya faɗi cewa hadayar da Yusufu da Maryamu suka kai Haikali 'yan tsuntsaye biyu ce, wadda bisa Littafin Firistoci sura 12 ita ce ta wanda ba shi da halin ɗan rago. Matiyu ya kawo gudun da suka yi da jaririn zuwa Masar cikin dare saboda takobin Hirudus. Akan rufe labule kafin a kai nan, wai don kada a ɓata wa yara murna. Amma a ƙasar da hedikwatar EYN da ke Kwarhi kusa da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram a Oktoban 2014, inda yara da yawa suka yi Kirsimeti a sansanin gudun hijira, wannan ɓangaren ne zai gaya wa yaro cewa kyautar ta zo har inda yake. Mai Ceton da aka goya aka gudu da shi ba baƙo ba ne ga wanda shi ma an goya shi an gudu.

Akwai kuma maƙwabta. Yaron Kirista a Arewa da yaran Musulmi yake wasa, kuma shi ake aikawa da kwanon shinkafa da nama gidajensu ranar Kirsimeti, kamar yadda su ma suke kawo nasu da Sallah. Ya kamata ya san cewa Alƙur'ani, a Suratu Maryam, ya kawo haihuwar Annabi Isa ba tare da uba ba, har mala'ikan ya yi maganar ɗan a matsayin baiwa ga Maryam. Ya kuma san inda aka rabu: Kirista na kiran sa Ɗan Allah kuma Mai Ceto, Musulmi na riƙon sa annabi ne mai daraja, ba su yarda da waccan aƙida ba. Yaron da ya san iyakar nan ba zai ruɗe ba, ba zai kuma yi wa kowa rashin kunya ba. Kwanon da ke hannunsa ma darasi ne, in an gaya masa ba don tukwici aka aike shi ba.

Hukuncin dai shi ne, al'adar tana da kyau, harshenta ya zauna, wasanta ya dace da ƙasa, amma rabon kayanta yana warware abin da bakinta ya ƙulla. Gyaran ba ya bukatar kuɗi. A kira ladan hadda da sunansa, lada, a kuma ba da shi wata Lahadi dabam. Ranar Kirsimeti abin da za a raba a raba wa kowa daidai, da wanda ya iya da wanda bai iya ba, da ɗan dattijon ikilisiya da baƙon da ya leƙo yau. Zumuntar Mata ta duba bencin baya tun kafin tela ya rufe karɓar ɗinki. A bar yara su kai wani abu ga wanda suka san ba zai iya rama musu ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Malamai da iyaye, in kuna so yaro ya gaskata cewa Allah ya ba shi abin da bai yi wa aiki ba, to ku fara ba shi irinsa da hannunku.