Karatu Uku na Littafin Shaihu Umar: Tsokacin Wani Makaranci

Wannan ɗan tsokaci zai dubi littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ta fuskar abin da yake yi wa mai karanta shi. Manazarta sun daɗe suna feɗe shi bisa ma'aunan jigo da zubi da tsari da salo, ɗalibanmu kuma sun haddace sakamakon wannan fiɗa har ya zame musu tamkar karatun allo. Abin da ba kasafai ake kawowa aji ba shi ne yadda littafin yake sauya kama a idon mutum guda gwargwadon shekarunsa. Ni dai sau uku na yi masa karatun da zan iya kira karatu, kuma kowane karo wani littafi daban na tarar. Don haka mai karatu zai yi mini afuwa idan ya ga na yawaita ambaton kaina, domin kuwa ba ni da wani makaranci da na san cikinsa kamar ni.

Kafin a shiga, ya kyautu a tuna asalin littafin. A shekarar 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Daga wannan yunƙuri aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East, da kuma Shaihu Umar. Marubucin na ƙarshen an haife shi a 1912, ke nan bai wuce shekara 21 ko 22 ba lokacin da ya rubuta shi, yana sabon malami a Midil ta Bauchi bayan ya ƙare Kwalejin Katsina. Wannan batu na shekaru yana da muhimmanci, domin mun saba kallon littafin ta cikin rawanin Firayim Minista da aka kashe a Janairun 1966, muna manta cewa saurayi ne ya rubuta shi, wanda da yawa daga ɗaliban ajin ƙarshe na wannan sashe sun girme shi.

Karatuna na farko ina aji biyar na firamare ne, kuma gaskiya ban so littafin ba. Na riga na ɗanɗani Magana Jari Ce, na sha dariya da Alhaji Imam da Malam Zurƙe, na bi Iliya Ɗan Maiƙarfi wajen yaƙe-yaƙensa. Sai ga wani tauraro wanda ba ya dabara, ba ya faɗa, ba ya ba da dariya. A sace shi, a sayar, a kai shi Masar, a dawo da shi, shi dai yana nan kamar kayan fatake. Yaro yana son jarumin da zai ara ya zama shi a wasan dare, Umar kuwa ba ya aruwa. Na gama shi ne kawai saboda na ƙi jinin in ajiye littafi a tsakiya, ɗabi'ar da har yau ban rabu da ita ba, kuma ta ci mini lokaci mai yawa a kan littattafan da ba su cancanta ba.

Daga nan ruwan littattafan soyayya ya tafi da mu. Wanda duk ya yi sakandare a Bauchi cikin shekarun 1990 ya san masu ba da hayar littattafai a kewayen kasuwar Wunti, ya kuma san yadda ake matse kuɗin tara domin a karɓo In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, ko Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, ko Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Funtuwa. Wani malaminmu ya taɓa kama ni da ɗaya a cikin littafin lissafi, ya yaga shi gida biyu a gaban aji, na kwashe mako uku ina biyan mai haya. Ba na jin kunyar wannan zamani ko kaɗan. An yi ta muhawara a jaridu kan ko abin da Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano adabi ne, Abdalla Uba Adamu yana kare shi, har daga baya a 2007 aka kai ga ƙona wasu littattafan a Kano. Abin da na sani shi ne waɗannan littattafai su suka koya mini in damu da halin da mace take ciki a cikin labari, kuma ba domin su ba da karatuna na biyu na Shaihu Umar bai yiwu ba.

Wannan karatu na biyu ya zo ne ba da niyya ba. Ina hutun jami'a, idon kakata ya yi rauni, takan sa ni in riƙa karanta mata abin da ya sawwaƙa bayan sallar isha'i. Wata rana na ɗauko Shaihu Umar don shi ne a kusa. Ta saurari labarin Kagara da mutuwar mahaifin Umar da auren Makau ba ta ce uffan ba. Da aka zo inda fadawa suka ƙulla wa Makau sharrin ɓoye bayi har sarki ya kore shi, sai ta ce ai wannan halin fada ne, ba sabon abu ba. Amma da muka kai inda mahaifiyar Umar ta bar gida ta bi sawun ɗanta, mayaudari ya karɓe ta da sunan taimako ya mai da ita baiwa, aka ƙetara da ita hamada har Murzuk, sai na ji numfashin tsohuwa ya sauya. Ta ce, "Maigida, dakata. Wannan matar, wa ya tafi nemanta ita?" Na ce, "Kaka, ai ita ce ke nema." Ta ce ta ji, amma ita wa ya neme ta? Ban sami amsa ba, domin littafin ma bai bayar ba.

Tun daga ranar ra'ayina kan ginin littafin ya sauya, kuma shi ne ginshiƙin wannan tsokaci. Sunan Umar ne a bango, shi ne mai ba da labari ga almajiransa a Rauta, amma idan tauraro shi ne wanda yake yanke shawara ya ɗauki nauyin abin da ta haifar, to mahaifiyarsa ce tauraruwar littafin. Duk sauran mutanen ciki tura su ake yi. Makau korarsa aka yi, Umar ɗaukarsa aka yi. Ita kaɗai ce ta tashi da ƙafarta, babu wanda ya aike ta, ta zaɓi hanyar da kowa ya san hatsarinta. Sakamakon da marubucin ya ba ta kuwa shi ne ta ga ɗan nata bayan shekaru, a baƙuwar ƙasa, jiki ya riga ya ƙare, sannan ta rasu ba da jimawa ba. Umar ya fita daga bauta da ilmi da daraja, ita ta fita da likkafani. Wanda ya ce jigon littafin shi ne haƙuri yana kai bawa ga ɗaukaka ya karanta rabon ɗan ne kawai, ya tsallake na uwar, alhali haƙurinta ya fi nasa nesa ba kusa ba.

Karatu na uku shi ne na malami, wanda nake yi duk shekara da alƙalami a hannu, kuma a nan ne na fi samun damuwa. Abin da ke damuna shi ne sanyin muryar mai ba da labari. Ana shirya harin kamo bayi a ƙasar Gwari, ana faɗa wa manoma a gonakinsu, amma Shaihu yana ba da labarin kamar yana lissafin kayan amfanin gona. Laifin da labarin ya tsaya a kansa shi ne ƙazafin da aka yi wa Makau, ba harin kansa ba. Haka kuma Abdulkarim, Balaraben da ya tafi da Umar Ber Kufa ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa ya sa shi karatu, an zana shi mutumin kirki ƙwarai, alhali hanyar da ta kawo masa yaron ita ce ta haɗiye uwar yaron. Shin marubucin sassauci yake yi wa bauta?

Na daɗe ina jin haka, amma yanzu na fi karkata ga wata fahimta. A tuna cewa lokacin da ake rubuta littafin bauta ba tarihi ba ce a Arewa. Dokar Turawa ta 1901 ta 'yanta waɗanda za a haifa daga Afrilun shekarar ne, ta kuma hana cinikin bayi, amma ba a soke bautar gaba ɗaya a doka ba sai 1936. Turawa sun ci Bauchi a 1902, ke nan a 1933 akwai dattawa a cikin ganuwar garin nan da suka je hari, akwai waɗanda aka kamo, kuma 'ya'yansu suna zaune a benci ɗaya a Midil. Saurayin malami mai cin albashin En'e ba shi da bakin da zai tsaya ya yi tofin Allah tsine. Abin da ya yi sai ya sa labarin a bakin mutumin da ya tashi a cikin tsarin, wanda ba ya ganin baƙinsa, ya bar abubuwan da suka faru su yi magana da kansu: yaro a hannun ɓarawo, uwa a kasuwa, ayari a ƙarƙashin yashi. Sanyin muryar shi ne yake sa abin ya yi ciwo, domin mai karatu ne ake bar wa fushin da Shaihu bai yi ba. Ban ce marubucin ya tsara haka da gangan daki-daki ba. Mai yiwuwa ɗabi'arsa ce ta rashin ɗaga murya, wadda aka san shi da ita har a siyasa, ta bi shi cikin rubutu. Ko ma dai wane ne, a kan takarda ya yi aiki.

Wannan ba ya wanke littafin daga rauninsa. Haɗuwar uwa da ɗa ta dogara ne ga katari mai wuyar haɗiya, kuma guguwar hamadar da ta hallaka ayari ta bar Umar shi kaɗai ta yi kama da hanyar da marubuci ya bi don ya sallami mutanen da ya gama da su. Ƙarshen ma gaggawa gare shi, kamar wanda takarda ta kusa ƙare masa. Shi kansa Umar, ko bayan ya girma, ba mu ga ya yi kokawa da zuciyarsa ba ko sau ɗaya. Imam ya fi shi iya sarrafa harshe da raha, wannan ba abin musu ba ne. Sai dai a cikin biyar ɗin nan Shaihu Umar ne kaɗai na ga ya sa tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta tsai da mai karatu.

Littafin ya yi tafiya bayan marubucinsa. Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976, wanda aka ɗauka ya ɓace har aka gano shi aka gyara aka nuna a bikin fina-finai na Balin a 2018. Amma a garin da aka rubuta shi, inda kabarin marubucin yake, yawancin ɗaliban da ke zuwa ajina taƙaitaccen bayaninsa suka karanta don jarrabawa. Suna iya jero mini Kagara da Fatika da Maƙarfi da Kano ba tuntuɓe, su kawo jigo da ƙananan jigogi, amma in na tambayi inda ya taɓa su sai a yi tsit, kamar na tambayi abin da bai halatta a aji ba. Laifin namu ne malamai, mu muka koya musu cewa "na ji tausayi" ba amsa ba ce.

Bana na sauya dabara. Na hana kowa rubutu, na sa wata ɗaliba ta karanta babin tafiyar uwar a bayyane daga farko har ƙarshe, sannan na yi musu tambayar kakata kamar yadda ta yi mini ita. Wani ya ce ai Makau ba ya nan, wata ta ce ko yana nan ma ba zai je ba, gardama ta kaure har lokaci ya ƙare ba mu taɓa zubi da tsari ba. Mako na gaba mutum huɗu suka zo da littafin a hannu, biyu daga ciki na aro ne.