Rediyon Tsaunuka Dubu: Yadda Hira Ta Zama Makami a Ruwanda

A watan Yulin 1993 aka buɗe wata tashar rediyo a Kigali, babban birnin Ruwanda, mai suna RTLM, wadda ake wa laƙabi da rediyon tsaunuka dubu. Kafin zuwanta, rediyon gwamnati ne ke da fagen, da sanarwoyinsa masu sa hamma. Sabuwar tasha ta zo da kiɗan Zayar mai motsa matasa, da barkwanci, da gaishe-gaishe, da masu gabatarwa irin su Kantano Habimana da Valérie Bemeriki, waɗanda ke magana da Kinyarwandan titi kamar kana zaune da su a teburin mai shayi. Direbobi da 'yan kasuwa da zauna-gari-banza suka ɗauke ta tasu. Har 'yan ƙabilar Tutsi na kunna ta.

Nan ne, a ganina, sirrin ɓarnarta yake. Jaridar Kangura ta Hassan Ngeze ta riga ta, domin tun Disambar 1990 ta buga abin da ta kira dokoki goma na Hutu, inda ta mayar da duk Bahutun da ya auri Batutsa ko ya yi kasuwanci da Tutsi maci amana. Amma jarida sai mai iya karatu, sai mai kuɗin saye. Rediyo kuwa na shiga gona da kasuwa da ɗakin tsohuwa. Wata tara RTLM ta yi tana sabo da kunnen jama'a, tana cusa ƙiyayya a tsakanin waƙa da dariya, tana kiran Tutsi kyankyasai har kalmar ta daina ba kowa tsoro.

Da aka harbo jirgin Shugaba Juvénal Habyarimana ranar 6 ga Afrilun 1994, muryar da mutane suka riga suka yarda da ita ce ta gaya musu wanda ya yi, da abin da ya kamata su yi. Tashar ta riƙa karanta sunayen mutane, da lambobin motocinsu, da coci ko makarantar da suka fake. 'Yan daban Interahamwe na tsaye a shingayen hanya, adda a hannu, rediyo a kunne. Cikin kwana ɗari aka kashe mutum kusan 800,000, akasarinsu Tutsi, tare da Hutun da suka ƙi bi. Janar Roméo Dallaire, kwamandan dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya, ya nemi a toshe tashar; Amurka, wadda ke da kayan aikin, ta kawo hujjar tsada da ta doka, aka bar tashar tana magana.

To, rediyo ne ya yi kisan? Masana sun sha bamban. David Yanagizawa-Drott ya kwatanta ƙauyukan da tsaunuka suka tare musu zangon tashar da waɗanda ke kama ta sarai, ya ƙiyasta cewa kusan kashi goma cikin ɗari na shiga kisan na da nasaba da ita. Scott Straus, wanda ya zauna da fursunonin da suka amsa laifinsu, ya ga cewa tsoron yaƙi da matsin shugabannin unguwa da maƙwabta sun fi tura mutane. Ban ga saɓani mai zurfi a nan ba. Tashar ta gaya wa mai ɗaukar adda cewa hukuma na bayansa, kowa ma na yi, shi kuma ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar wanda bai taɓa jin shirin ba. Kotun Majalisar Ɗinkin Duniya a Arusha ta ɗauki wannan da nauyi: a Disambar 2003 ta samu Ferdinand Nahimana da Jean-Bosco Barayagwiza, jagororin RTLM, da Ngeze da laifi, bisa abin da suka watsa da abin da suka buga.

Mai sauraron Hausa, wanda ya san yadda sojojin baka ke cika tashoshi da zage-zage lokacin siyasa, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan yadda raha ke ɗaukar guba.

Masu neman sulhu sun bi hanyar da maɓarnata suka bi. A 1995 ƙungiyar Search for Common Ground ta kafa Studio Ijambo a Bujumbura, ƙasar Burundi, inda aka riƙa tura ɗan jarida Bahutu da Batutsi tare su ɗauko labari ɗaya, ta yadda ba wanda zai ce an faɗi rabi an ɓoye rabi. A Ruwanda kuma, a 2004 aka fara watsa wasan kwaikwayon rediyo na Musekeweya, labarin ƙauyuka biyu masu rikicin gona da soyayyar da ta ratsa tsakaninsu. Mai bincike Elizabeth Levy Paluck ta bi masu sauraronsa tsawon shekara guda. Abin da suka yi imani da shi a zuci bai sauya sosai ba, amma sun fi waɗanda ba su saurara ba yarda da auren wata ƙabila, sun kuma fi iya buɗe baki su ce ba su amince ba a gaban jama'a.