Hutun Kwana 30: Sharhi Kan Littafin Cal Newport

A shekarar 2019 ne Cal Newport, malamin ilimin kwamfuta a Jami'ar Georgetown da ke birnin Washinton na Amurka, ya wallafa littafinsa mai suna Digital Minimalism, wato taƙaita amfani da kayan fasahar zamani. Jigonsa shi ne yadda mutum zai ƙwato lokacinsa daga hannun wayar salula da kafofin sada zumunta.

Marubucin ya fara da bayyana cewa yawan leƙa waya ba raunin hali ba ne kawai. Kamfanonin suna samun kuɗinsu ne daga talla, saboda haka suka tsara dandalinsu yadda zai riƙe ido. Alamar yabo da Facebook ya shigo da ita a 2009 tana aiki ne kamar caca: wanda ya sa hoto bai san yawan masu yaba masa ba, sai ya yi ta komawa dubawa.

Maganin da ya kawo mataki uku ne. Da farko mutum ya ware kafofin da ba dole ba ne a rayuwarsa. Sannan ya ƙaurace musu har kwana 30, ya cike wannan lokaci da karatu, ko sana'ar hannu, ko tafiya a ƙasa, ko ziyara. Daga ƙarshe ya dawo da abin da ya tabbata yana yi wa wata manufa tasa hidima, tare da ƙayyade lokacin amfani da shi.

A mataki na biyu ne ƙarfin littafin yake. Newport ya fahimci cewa hutu shi kaɗai ba ya warkarwa, domin wanda ya ajiye waya bai sami abin yi ba, kaɗaici zai mayar da shi gidan jiya. Ya kuma bambanta hira ta gaba da gaba da gaisuwar danna maɓalli, abin da Bahaushe ya daɗe da taƙaitawa da cewa zumunta a ƙafa take.

Sai dai hujjarsa tana da rauni. Ya dogara ƙwarai da labaran mutum sama da 1,600 da suka gwada tsarin a farkon 2018, alhali masu bibiyar rubuce-rubucensa ne da suka kawo kansu. Binciken da masana na Jami'ar Stanford da ta New York suka wallafa a 2020 ya fi wannan inganci. Sun biya wasu mutane suka rufe Facebook mako 4 a 2018, suka gwada su da waɗanda ba su rufe ba. Masu hutun sun sami rarar kimanin minti 60 a rana, hankalinsu ya ɗan ƙara kwanciya, amma saninsu ga labaran yau da kullum ya ragu. Ke nan ribar tana nan, sai dai ba ta kai yadda littafin yake nunawa ba, kuma da asara a gefenta.

Rauni na biyu ya fi shafar mai karatu a Nijar. An rubuta littafin ne domin wanda ke da kwamfuta, da jarida, da ɗakin karatu kusa da gida. Ga malamin da ke samun sanarwar aiki ta WhatsApp, ko uwar da ba ta yi karatun boko ba, wadda saƙon murya ne ke haɗa ta da ɗanta ɗan ci-rani a Libiya ko Aljeriya, waya ba abin ƙawa ba ce. A nan iyakar da ke tsakanin dole da sha'awa tana cikin manhaja guda ne, littafin kuwa bai taɓo wannan sosai ba.

Duk da haka malamai da ƙungiyoyin raya al'adu za su amfana da tambayarsa ta mataki na uku: wace manufa wannan kafa take yi wa hidima? Ƙungiya na iya ajiye waya a lokacin taro, malami ya tsayar da sa'ar amsa saƙo, matasa su mayar wa fada hirarta ta bakin shayi. Hutun kwana 30 ba kowa ke da halinsa ba, amma ƙayyade lokaci yana hannun kowa.