Gadon da Ba a Taɓa Ɗaukar Hotonsa Ba

Mai karatu, ɗauka ƙanwarka za a aurar a Birnin Malam, kuma kai aka ɗora wa sayen kayan ɗaki. Wani dillali ya turo maka adireshin shafi ta WhatsApp. Ka buɗe, sai ga gado. Ka ja yatsa a kan allo, gadon ya juya. Ka danna wani wuri, launinsa ya tashi daga ruwan ƙasa ya koma ruwan zuma, ƙyallinsa har yana bin hannunka. Zuciya ta kwanta, ka tura kafin alƙalami.

To, tsaya. Gadon nan ba a taɓa ɗaukar hotonsa ba, domin babu shi. Wayarka ce ta zana shi a daidai lokacin da kake kallo. Wannan fasaha ta zana hoto nan take ita ce yau nake so mu ɗora a sikeli, saboda masu tallata ta suna cewa abin da ka gani shi za ka samu. Ni kuwa ina ganin rabin maganar ce kawai gaskiya.

Bari mu fara da yadda abin yake aiki. A cikin kwamfuta, gado tarin ƙananan alwatika ne, dubbai, da aka harhaɗa suka ba da siffa. A kansu ake lulluɓa hoton katako ko na yadi, sannan a saka fitilun ƙarya, a lissafa launin da kowane ɗigo na allo zai ɗauka. Yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi da ke hannun mutanenmu suna da ɗigo 720 a faɗi, 1,600 a tsawo, wato ɗigo 1,152,000. Don ido ya ga motsi ba tare da tsinkewa ba, sai an sake zana su duka aƙalla sau 30 a daƙiƙa guda. Kowane hoto ke nan bai da ko kashi ɗaya cikin talatin na daƙiƙa da zai wuce.

Ka gwada wannan da hanyar da ta fi kusa da gaskiya, wato bin sawun haske: a bi hasken daga ido zuwa kan abu, daga nan zuwa duk inda ya yi tsalle. Lokacin da Turner Whitted na Bell Labs a Amurka ya wallafa wannan hanya a 1980, hoto ɗaya tak ya ci masa minti 74. Sai a 2018 kamfanin Nvidia ya fito da katunan RTX masu yin wani ɓangare na wannan lissafi nan take, kuma su ma a manyan kwamfutoci suke, ba a wayar da ke aljihunka ba. Saboda haka wayar dole ta yi yanke. A wurin yanken nan matsalar take.

Yanke na farko, inuwa. Sau da yawa an riga an lissafa ta tun a ofishin mai zane, an manna ta a jikin gadon kamar fenti. Na biyu, jikin kayan. Sassaƙar da kake gani a allon kan gado, wadda ta yi kamar za ka iya sa yatsa a cikinta, tana iya zama shafaffen fili ne da aka yi wa dabarar karkatar da haske. Na uku, hasken kansa. Akan haska kayan ne da hasken ɗakin ɗaukar hoto mai taushi, yana zuwa ta kowace kusurwa. Ɗakin amaryarku kuwa taga ɗaya gare shi, da dare sai ƙwan sola mai farin haske. Launin abu ya dogara ne ga hasken da ya sauka a kansa. Duk wanda ya taɓa sayen shadda a cikin rumfa ya fito rana ya ga kamar an canza masa ita ya san wannan. Karammiski da ake sa wa kujeru ya ma fi wuya, domin gashinsa kan sauya duhu da haske gwargwadon inda ka tsaya da inda aka shafe shi. Ƙari a kan haka, ka ajiye waya biyu kusa da juna ka buɗe hoto ɗaya, za ka ga jan wannan daban, jan waccan daban.

Amma babban aibin ba na lissafi ba ne. Gadon da ke cikin kwamfuta bai da mahaɗa mai girgiɗi, bai da ƙusar da ta karkace. Ba ya gaya maka ko katako ne na gaske ko MDF da ke kumbura idan ruwa ya taɓa shi. Ƙurar hunturu ba ta sauka a kansa, gara ba ta san da zamansa ba. Kwamfuta tana zana niyyar mai ƙira ne, kai kuma aikin hannun kafinta za a kawo maka.

Kada ka ɗauka ƙananan dillalai ne kaɗai ke wannan. Kamfanin IKEA na ƙasar Suwidin ya bayyana a 2014 cewa kusan kashi 75 cikin 100 na hotunan kayansa zanen kwamfuta ne. Bambancin shi ne, IKEA injuna ne ke yanka masa kaya da ma'auni ɗaya, don haka zanen da kayan suna kusa da juna. A wurinmu fa? Sau tari hoton daga intanet aka kwaso shi, aka kai wa kafinta a Jega ko Maiyama aka ce "irin wannan nake so". Shi kuma da zartonsa da ɗan injin da yake da shi zai yi ta fama ya kwaikwayi abin da ba a taɓa ƙerawa ba. Ranar jere a yi ta cacar baki, a ce ya ci amana, alhali an haɗa shi gasa ne da abin da ba ya wanzuwa.

Adalci shi ne in faɗi inda fasahar ta yi rawar gani: siffa da girma. Manhajar IKEA Place da ta fito a 2017 ta riƙa ɗora kujera a tsakar ɗakin mutum ta kyamarar waya, kuma a lokacin kamfanin ya ce tana daidaita girma da kashi 98 cikin 100. Wannan amfani ne na zahiri. Da yawa an sha sayen gadon da ya ƙi shiga ƙofa, ko sif ɗin da ya toshe taga. Kafintan da zai nuna wa mai saye tsari uku kafin ya yanka falanki ko ɗaya ya tsira da katakonsa da mutuncinsa. Kayan aikin ma ba su gagara ba: manhajar Blender kyauta ce, kuma tun 2019 take da injin zane nan take mai suna Eevee. Ɗaliban kwamfuta na jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero, wadda aka kafa a 2006, za su iya zama da kafintocin yankin su auna ainihin kayan da suke ƙerawa, da ainihin katakon da fentin da suke samu a kasuwa, su zana wannan ɗin. Zanen da aka ɗauko daga kayan gaske ya fi wanda aka ɗauko daga mafarki amfani ga kowa.

Ka lura da yadda ake cinikin albasa a Aliero. Mai saye ba ya tsayawa ga ta saman buhu. Zai sa hannu ciki, ya matsa, ya duba wuyanta ko ya bushe, domin ya san wadda za ta kai Legas da wadda za ta ruɓe a hanya. Ido shaida ɗaya ne kawai a cikin shaidu. Malaman fiƙihun Malikiyya sun halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa, amma idan kaya ya zo saɓanin siffa, mai saye yana da zaɓin fasawa. Dokar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya ta 2018 ita ma ta hana talla mai ɓatarwa. Hoton kwamfuta siffantawa ce, sai a riƙe mai shi da ita.

Don haka kafin ka biya, ka tambayi mai kaya kai tsaye: wannan hoto ne ko zanen kwamfuta? Ka sa ya rubuta maka tsawo da faɗi da irin katakon. Ka nemi bidiyon wani da ya riga ya ƙera, a ɗauka a waje cikin rana, a nuna bayansa da ƙarƙashinsa. Idan da yadi a ciki, a kawo maka ƙyalle ka duba a ɗakin da za a ajiye shi. Iyayenmu sun ce gani ya kori ji, amma ba su san za a yi zamanin da waya za ta ƙera ganin ba. Wanda ya ƙi ba ka waɗannan abubuwa huɗu, cinikin biri a sama yake so ku yi, sai ka riƙe kuɗinka ka tafi Jega da ƙafarka.