Tsufan gaske da tsufan kanti a jikin jitar cinya

Jitar da ake kwantarwa a cinya 'yar tsibiran Hawayi ce. Joseph Kekuku, wanda aka haifa a 1874, shi ake dangana wa salon: a ɗaga tsirkiyoyi su yi nesa da wuya, hagu ta riƙe guntun ƙarfe mai santsi tana zamar da shi a kansu, dama tana kaɗawa. Yatsa ba ya danne tsirkiya a kan itace, kamar dai yadda yake ga mai goge. Duk sifar wannan jita daga nan ta samo asali.

Tunda hannu ba zai rungumi wuyan ba, maƙera sun samu sarari. Hermann Weissenborn, Bajamushe mazaunin Los Angeles, ya riƙa ƙera ta da itacen koa a shekarun 1920, ya bar cikin wuyan fayau don ya taya ciki amo. Da lantarki ya shigo, sai aka daina bukatar cikin ma. A 1932 George Beauchamp da Adolph Rickenbacker suka fito da wata ta zubin alminiyum, ɗan jiki zagayayye da dogon wuya, har aka yi mata laƙabi da kaskon suya. Matsalarta zafi: fitilun dandali su gasa ta, ƙarfen ya buɗa, sauti ya kauce. A 1935 suka fito da ta baƙar roba mai tauri, Bakelite, wadda har yau masana ke yaba muryarta. Bayan haka kowa ya yi abin da ransa ke so. Kamfanin National ya yi wata mai suna New Yorker, baƙi da fari, da kafaɗu hawa-hawa irin na dogayen benayen birnin New York. Valco ta Chicago ta lulluɓe katako mai araha da seluloid mai ƙyalli, aka sayar wa 'yan koyo tuli, ciki har da ɗaliban kamfanin Oahu na Cleveland. Shi kansa Leo Fender da irin wannan jita ya fara a 1945.

Yayin tsofar da sabon kaya kuwa daga wata unguwa ya zo. A 1995 Fender ta fara sayar da sababbin jitoci da aka ƙuje da gangan, da sunan Relic, kuma daga baya Gibson ta buɗe nata sashen, Murphy Lab. Dabarun sanannu ne. Ana fesa siririn fentin naitiro irin na da, a sanyaya shi farat ɗaya ya tsattsage, ko a ja tsagar da reza. Ƙarfe a turara shi da asid ya dushe, farar roba a rina ta ta koma ruwan ƙwai, gefe-gefe a bi da sanfefa.

Inda nake da ja shi ne yadda wasu maƙeran jitar cinya suka kwaso wannan ado ba tare da sun tsaya sun kalli makaɗi ba. Tabon da ido ya saba gani na jitar ratayawa ne: gogar damtse a kafaɗarta, ƙarzar bel a bayanta, wuya ya yi sulɓi saboda tafin hannu, tsakanin layuka ya lotsa saboda farce. Jitar cinya ba ta san ko ɗaya ba. A yawancinsu layukan wuyan zane ne kawai, kuma za su shekara saba'in yatsa bai taɓa su ba. Tsufanta na wani wuri. Ƙyallin murfin da ke kan maganaɗisu mai ɗaukar sautin tsirkiya yakan koɗe daidai inda gefen hannun dama ke hutawa. Za ka ga 'yan ramuka inda ƙarfen zamiya ya suɓuce ya faɗi. Seluloid ya tsuke, ya ɗago a kusurwa. Kunnuwan ɗaure tsirkiya kuma, na roba, sukan ruɓe su marmashe a hannu, shi ya sa da wuya ka samu tsohuwar jitar cinya ƙirar Supro da nata na asali lafiya lau. Maƙerin da ya ƙuje bayan wuyan jitar cinya ya tona wa kansa asiri.

Ban ce aikin duka banza ba ne. Siririn fenti da ya dushe yana da daɗin taɓawa, kuma makaɗi ya fi sakewa da kayan da ba ya tsoron ya ƙwarzane. Amma murya ba ta cikin tsagar fenti. Tana cikin maganaɗisu da naɗin wayarsa, da tsawon tsirkiya, da nauyin jiki, da ƙarfen da ke hannun hagu.

Wani abin dariya shi ne kasuwa. An ƙera jitocin 'yan koyo da yawa a shekarun 1940 da 1950, har sau da yawa tsohuwar gaske ta fi sabuwar da aka tsofar araha. Wasu ma ba don kiɗa ake sayensu ba. Fender Champion ta farkon shekarun 1950 maganaɗisunta ɗan uwan na jitar ratayawa ta Telecaster ne, don haka dillalai suka riƙa farke ta suna cire shi, su jefar da gangar jikin a kasuwa da rami a tsakiya.