Gumin mabusa a zanen Japan

A kashin farko na Hibike! Euphonium, zane mai motsi da kamfanin Kyoto Animation ya fitar a 2015, ƙungiyar mabusa ta wata sakandare ta yi wa sababbin ɗalibai busar maraba, busar kuwa ta fito a hargitse, wannan ya riga wancan, wani ƙaho ya kauce hanya. Da gangan aka yi hakan. Ɗaliban kwalejin kiɗa ta Senzoku Gakuen ne suka busa sautin na ainihi, suka ɓata shi don kunnen mai kallo ya riƙe munin, ya auna shi da abin da zai ji nan gaba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda masu zanen suka ɗauki atisaye, wanda kowa ya san gundura ce tsantsa, suka mai da shi abin kallo. Yatsun Kumiko, jarumar labarin, na danna maɓallan yufoniyam, ƙaton ƙahon tagulla da ake rungumewa kamar jariri, kuma kowace dannawa ta yi daidai da muryar da ke fita. Kafaɗa na ɗagawa kafin busa, don sai an ja numfashi. Ga takardar kiɗa ta sha rubutu, ga barguna an shimfiɗa a ƙasan aji don su shanye amon ɗaki. Mai zane sai ya zana duk wannan, hoto bayan hoto, saboda motsin da bai wuce ƙiftawar ido ba.

K-On! na 2009, daga kamfani ɗaya, nasa salon daban: 'yan matan sun fi shan shayi da cin kek a kan taɓa jita. Ina son sa, amma ban taɓa yarda sun iya kiɗan ba.

Na Kumiko kuwa na yarda. A kashi na 12 akwai wani ɗan gutsuren kiɗa da ya gagare ta. Ta fita bayan makaranta cikin zafin rana tana maimaita shi har ta yi haɓo, duk da haka malam Taki, mai koyar da ƙungiyar, ya cire ta daga gutsuren, ya bar wa yayarta a aji, Asuka, ita kaɗai. Da dare ta ruga a kan gadar Uji, gada ta gaske a garin da marubuciyar labarin, Ayano Takeda, ta tashi, tana kuka tana ihun tana so ta ƙware, motoci na wucewa abinsu.