Ajin Inuwa Da Karatun Ƙasar Funtuwa

Tun shekarar 2020, sa'ad da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, masu ilmin zamani suka shiga yabon wata irin koyarwa wadda ba ta bukatar malami da almajiri su zauna wuri guda. Koyarwar nan iri-iri ce. Akwai ta rediyo, akwai ta wayar hannu, sa'an nan akwai wadda masu yabon suka fi ɗaukakawa, watau wadda a ke yi cikin duniyar kwaikwayo. Ita ce za a auna a nan, kuma da mudun ƙasar Funtuwa da Malumfashi za a auna ta, gama yaran manoman wurin su ne a ke cewa za ta fi amfana.

Wanda bai taɓa ganinta ba ya kamata a bayyana masa. Gari ne a ke zanawa cikin kwamfuta, da gidaje da hanyoyi da itatuwa. Kowa ya shiga ta intanet sai a ba shi mutum-mutumi wanda zai tsaya a madadinsa. In ya taɓa maɓalli mutum-mutumin ya yi tafiya, ko ya zauna, ko ya ɗaga hannu, in kuwa ya yi magana waɗanda ke kusa da shi a cikin zanen su ji muryarsa, ko da ɗaya yana Danja ɗaya yana Landan. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi suna cikin irin waɗannan garuruwa shi ne Second Life, wanda wani kamfanin Amurka mai suna Linden Lab ya buɗe a 2003. Jami'o'i da yawa suka kama filaye a ciki suka gina azuzuwa, har a 2006 Jami'ar Harvard ta koyar da wani darasin shari'a a can. A 2021 kamfanin Facebook ya sake suna ya koma Meta, yana mai cewa gaba a irin wannan duniya mutane za su riƙa saduwa.

Lalle abin yana da hujja, kuma zalunci ne a ƙi faɗinta. Hujjar tana fitowa ne in an dubi makarantar allo. A can yaro ba ya wanke allonsa sai ya zo gaban malam ya biya, malam ya saurara, ya tsai da shi inda ya karya harafi, ya maimaita masa, sa'an nan ya ba shi izinin ƙari. Rabin aikin malami ke nan, ko ma fiye: ba faɗa kaɗai ba, har da ji. To, darussan da aka riƙa watsawa ta rediyo da talbijin a jihohin Arewa a 2020, har da Katsina, sun cika rabin farko sun bar na biyu. Malamin yana Katsina yana magana, yaron yana Kafur yana saurare, ko yana barci, ko an aike shi kai abinci gona, ba mai sani. Malamin yakan ce, "Madalla, kun amsa daidai," alhali kuwa ba wanda ya ji amsar kowa. Duniyar kwaikwayo ta yi alkawarin maido da wannan rabi da ya ɓata, domin a cikinta malami yana iya kiran yaro da sunansa, yaro ya amsa, a gyara masa nan take.

Akwai kuma wani amfani wanda ya fi wannan tabbata. A Kanada, Kwalejin Loyalist ta gina tashar kan iyaka ta kwaikwayo cikin Second Life, inda masu koyon aikin tsaron iyaka suka riƙa gwada tsai da mota da yi wa matafiya tambayoyi, tun ba su je tasha ta gaske ba. Wannan shi ne mazaunin abin na ainihi, watau gwada aikin da ke da haɗari, ko tsada, ko wuyar samu. Yaron sakandare a Bakori wanda ya haddace sunayen kayan ɗakin gwaje-gwaje bai taɓa riƙe ko ɗaya ba, da matashin da za a koya wa gauraya maganin feshin auduga ba tare da ya cuci kansa ba, su ne ya kamata a fara tunawa.

Amma fa alkawari daban, cikawa daban. Aibi na farko shi ne filin ba na makaranta ba ne, haya ce. A ƙarshen 2010 kamfanin Linden Lab ya sanar da janye rangwamen rabin kuɗi da ya ke yi wa makarantu, sai haya ta ninka, makarantu da yawa suka kwashe suka bar gine-ginen da malamai suka yi shekaru suna gyarawa. An maido da rangwamen a 2013, amma ba duk waɗanda suka tafi suka komo ba. Manomin ƙasar Malumfashi ya san wannan sarai, shi ya sa ba ya zuba taki mai yawa a gonar aro, kuma ba ya dasa mangwaro a cikinta. In jami'o'in Amurka masu wadata suka kasa jure ƙarin haya, ina ga makarantar da ke jiran alli daga ofishin ilmi na ƙaramar hukuma? Zanen aro ba ya rufe katara.

Aibi na biyu ya fi nauyi, kuma ba daga nesa aka jiyo labarinsa ba. A daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara suka kwashe yara fiye da 300. An sako su bayan kwana shida, amma Gwamna Aminu Bello Masari ya rufe makarantun kwana na jihar. A nan masu yabo suka sami abin faɗa, suka ce ga ranar karatun intanet, tun da ya ke yaro yana iya zama gida lafiya ya shiga aji. Ba a cika shekara ba, a watan Satumba 2021, aka yanke layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar domin a toshe wa 'yan bindigar hanyar sadarwa, cikinsu har da Funtuwa, da Malumfashi, da Bakori, da Ƙanƙara, da Faskari, da Ɗandume, da Sabuwa. Ba a fara maido da su ba sai watan Disamba. Mai karatu ya lura da yadda abin ya ɗaure: fitinar da ta hana yaro zuwa makarantar bulo, ita ce ta rufe masa ƙofar makarantar inuwa. Wata uku cur, kusan zangon karatu guda, mai son aika saƙo sai ya hau mota ya nufi wajen Zariya neman layi. A cikin watannin nan rediyon nan da aka rena bai yi shiru ko yini ɗaya ba, allo kuwa ba ya tambayar kowa izini.

Sauran aibobin sananne ne, ba sai an daɗe a kansu ba. Garin kwaikwayo yana son kwamfuta mai ƙarfi, da layi mai sauri, da wutar lantarki wadda ba ta yankewa, gida kuwa mai yara takwas sau da yawa wayar uba ce kaɗai, ita ma tana aljihunsa a kasuwar Ɗandume.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne wahalar malamin kansa. Kafin ya koyar da kome sai ya koyi tafiyar da mutum-mutuminsa, ya koyi gina aji, ya koyi tsare ƙofa kada baƙo ya faɗo, sa'an nan ya koya wa yara duk wannan, mako yana wucewa ba a taɓa lissafi ba. Bayan ya iya ma, abin da ya ke gani ba fuskar yaro ba ce, zane ne. Malamin ƙwarai da ido ya ke gane wanda bai fahimta ba, da wanda bai karya kumallo ba, da wanda ya ke jin kunyar tambaya. Mutum-mutumi kuwa kullum a zaune ya ke da ladabi, ko da mai shi ya tafi ɗiban ruwa. Ashe rabin nan da aka ce an maido, rabinsa kawai aka maido. Bita ta kwana uku a birni, wadda a ke gamawa da rarraba takardar shaida da kuɗin mota, ba ta isa ta gyara wannan ba, gama rajistar masu halarta ta ke cikawa, kuma kowa ya taɓa riƙe rajista ya san suna a takarda ba shi ne aiki ba.

Sabo da haka in za a tsince abin kirki daga cikin kayan nan, sai a tsinci wanda a ke iya saukewa a ajiye, kamar hatsi a rumbu. Jami'ar Kolorado tana da gwaje-gwajen kimiyya na kwaikwayo masu suna PhET, waɗanda Carl Wieman ya fara a 2002. Kyauta ne, kuma in an sauke su suna aiki ba da layi ba, yaro ya haɗa waya da batir da ƙwai ya ga ya kama ko bai kama ba, malaminsa na gaske yana tsaye bayansa. Haka kuma a watan Maris 2022 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya da UNICEF suka buɗe wata taskar darussa mai suna Nigeria Learning Passport, da darussa har cikin Hausa. Ita ba gari ba ce, ba ta da mutum-mutumi, amma ta fi kusa da abin da makarantar ƙauye za ta iya ɗauka.

Abin da kuwa ya fi kusa da biya gaban malam, ba wanda ya yi masa taron buɗewa. Saƙon murya ne na WhatsApp. Yaro ya karanta darasinsa da dare sa'ad da uba ya komo da waya, ya aika, malam ya saurara da asuba, ya mai da gyara da muryarsa, ya ce, "Sake aya ta uku, ɗana." In layi ya yi rauni saƙon yakan jira har ya samu hanya, in an yanke layin ɗungum kamar 2021, shi ma sai ya tsaya.